Mai Rabon Ƙwallo

Ran da ta sauka a Yalwa
da jaka ɗaya, takalma rataye a wuya,
Hausarta ba ta cika cokali ba.
Zenaba, daga Injamena.
Koci Bulus ya auna ta da ido, ya ce,
"Wannan ko kafaɗar Rifkatu ba ta kai ba."

Ba ta tanka ba. Ta karɓi ƙwallo,
ta sulluɓe tsakaninmu kamar tarwaɗa a hannun yaro,
ta jefa, kwando ya haɗiye.
Muka tafa. Kuskurenmu na farko ke nan.

Shekarar fari ƙwallo ya zama gadonta.
Ni ce doguwar da ke tsaye ƙarƙashin raga,
hannuwa sama kamar mai roƙon ruwa,
na ɗaga har kafaɗu suka yi tsami,
ba ta gan ni ba.
Maki ashirin da shida ta ci a Gombe,
aka lallasa mu da tazarar tara.
A mota babu mai cewa uffan.
Daga Alkaleri har gida fuskarta na taga,
tana ƙirga wani abu a yatsu, da Faransanci.

Sai idon sawu ya gurɗe.
Siminti ne filinmu, mai tsaga a gefen gabas,
duk mun san ta, muna tsallakewa.
Ita ba ta taɓa kallon ƙasa ba.

Mako bakwai a benci,
ƙafa cikin bokitin ƙanƙarar mai zoɓo.
A nan ta fara ganin wasa.
Ta sayi littafi mai shafi arba'in, tana rubutu:
Rifkatu ba ta son a ba ta ta hagu.
Godiya sai an kira sunanta take farkawa.
Bilhatu, wato ni,
hannu mai nauyi, a buga mata a ƙasa ya taso.
Na leƙa na gani, na yi fushin kwana biyu.
Gaskiya ce ta sa.

Ta fara bin mu Wunti cin masa.
A bakin tanda ta koyi "a daɗo miya",
ta koyi "sannu-sannu", ta koyi zagi guda uku,
ta koyi dariya kafin a fassara mata.

Da ta dawo fili, gudu ya ragu.
Mutane suka ce ciwo ya cinye ta.
Mu da ke ciki mun san ba haka ba:
ƙwallo ke zuwa ya same ka
inda ba ka ma san za ka je ba.
Yatsu biyu sama, mu watse.
Dunƙulen hannu, mu tsaya, numfashi ya dawo.

Shekara ta uku, Gombe ta zo mana gida.
Saura daƙiƙa huɗu, suna gaba da ɗaya.
Hanya a buɗe gabanta, jama'a na ihu: jefa!
Ta dubi kwando,
ta buga a ƙasa, ya taso daidai cibiyata.

Na ɓarar.

Ƙarfen ya yi ƙara, har yau ina jin ta.
Na durƙusa kan tsagar nan ina neman ƙasa ta buɗe.
Ta zo, ta miƙa tsayinta duka, ta kamo wuyana,
ta ce da Hausarta mai gishirin Cadi,
"Gobe ma ke zan ba."

Kuma ta ba ni. Sau nawa, ban ƙirga ba.

Bana takarda ta zo daga ƙetaren teku.
Mun raka ta tasha, takalma a wuya kamar dā.
Littafin ta bar wa wata 'yar aji ɗaya daga Dass,
gajera, mai saurin tsiya, mai rowar ƙwallo.
Jiya na ga yarinyar a benci tana buɗawa.
Ta kai shafina, ta ɗago ta dube ni.

Na ɗaga hannuwa.