Gadon Aro

Jiya da dare muka shafe ɗakin shan magani da farar ƙasa,
aka aro gado biyu daga Wara, a kwalekwale.
Ni na ɗauko katifa, har yanzu wuyana na tsami.

Da hantsi kwamitin ƙaramar hukuma ya sauka,
mutum huɗu, kansila na gaba.
Suka ƙirga kwalabe,
ba wanda ya girgiza ko ɗaya.

Inna Tumba na bakin ƙofa tun asuba,
ƙafa ta kumbura kamar gora.
Ta ce, "Ɗana, gaya musu abin awon jini
ya mutu tun shekarar da ruwa ya ci gonar Arzika."
Na buɗe baki,
shugaba ya duba agogo.

A Birnin Kebbi, an ce, likita kan kira tsoho da sunansa.
Nan ita ce ta arba'in da bakwai a rajista,
biro kuma ya ƙafe kafin a kai kanta.

Da la'asar gadaje suka koma kwalekwale.
Tumba ta raka su da ido har suka ƙetare,
sannan ta ce in ara mata kafaɗa zuwa gida.