Gishirin da Ba na Miya Ba

Ƙarfe ɗayan dare aka rufe hanyar ƙarƙashin ƙasa,
muka sauka mu huɗu, fitila a goshi.
Sallau ya lakaci bango ya ɗanɗana:
"Wallahi teku ya riga mu zuwa."

Ashe iskar Ikko da guzuri take yawo.
Kullum sai ta sauke gishiri, babu sallama,
ya bi raɓa ya shige kankare
har ya iske rodi a kwance.
Rodi ya kumbura da tsatsa,
bango ya tsage daga ciki.

Injiniya Bisola ta ce a wanke, a jira ya bushe.
Jiran ya fi feshin wuya
a garin da ko tawul ba ya bushewa.

Maganin ba shi da launi.
Na fesa taku arba'in, ban ga aikina ba.

Da asuba ta watsa wa bangon ruwan leda.
Ya dunƙule, ya gangaro
kamar a bayan ganyen gwaza.
Ta gyaɗa kai kawai.

Aka janye shinge, danfo ta wuce da hon,
ba wanda ya dubi bango.
Na nufi Agege, gishirin gumi fari fat a rigata.
Ni ba a haɗa maganina ba tukuna.