Shara a Kandy

Tun kafin ƙararrawar asuba
nake share ganye a farfajiyar haikali.
Malami mai mayafi ruwan goro ya ce,
ki yi fatan alheri ga wanda ya ɓata miki.
Na yi wa direban bas. Na yi wa karen maƙwabta.
Da na zo kan yayana Nalaka
numfashi ya maƙale.

Shekara bakwai ina gaya wa dangi
shi ya sayar da gonar shayin Baba.
Ba ƙarya na yi ba.
Sai dai ni na riƙe wa tsohon alƙalami,
yatsunsa na rawa.

Tsintsiya ta tsaya, ganye bai daina zuba ba.
Gobe cikar wata, zai zo da furanni.
Ban sani ba ko zan ɗaga kai.