Buhun Waƙe

Na saye ta a hannun Babayo, bayan tashar Dukku,
'yar Kwatano ce, da tabon shayin wani a murfinta,
wani da ban san shi ba, ban san harshensa ba.
Babayo ya ce, "Lafiya lau take, batirin ne mai ƙiwa."
Bai faɗa mini yatsunta da ƙwaƙwalwarta
ba sa ga maciji da juna ba.

Daren farko a ɗakina na Jekadafari
na zauna ɗinka wa Kawu Jauro manhajar lissafi:
buhu nawa ya shigo Tudun Hatsi, nawa ya fita,
wa ya biya, wa ya ce sai jibi.
Na danna A, ta ba ni Q.
Na danna Z, ta miƙo W
kamar mai rabon goro cikin duhu.
Na nemi baka in buɗe, ta ba ni biyar.
M kuwa, ina taɓa shi sai waƙafi mai ruwa ya faɗo
tsakiyar suna, inda ba a gayyace shi ba,
a ƙarshen layi kuma, inda ake jiransa da tabarma,
ko ƙeyarsa.

Jan rubutu ya cika allo.
Kuskure a layi na tara, kuskure a na sha ɗaya.
Na zargi karatuna, na zargi masu wuta,
na hura maɓallai, na kife ta na bubbuga,
ba abin da ya zubo sai ɓawon gyaɗar wata ƙasa.
Inna ta leƙo ta ce, "Ka tofa mata mana."
Na tofa. Q ɗin nan bai gusa ba.

Da safe Dudu ƙanwata, mai buga takardu a bakin sakatariya,
ta tsaya a kaina da kofin kunu, ta duba sau ɗaya.
"Yaya, ba aljanu ba ne.
Fatar Faransa ce, kunnen Ingila.
Kana kiran ta da sunan da ke goshinta,
ita kuwa da wani aka yi mata yanka."
Ta kai kibiya can kusurwar ƙasa, kusa da agogo,
inda haruffa uku suka laɓe kamar ƙadangare,
ta taɓa, ta zaɓa, ta kurɓi kununta.
A ya zama A.
Kwana guda na yi ina haƙa rijiya a gefen randa.

Sai na yi ƙwaɗayi, na ce a ƙara mini Hausa,
masu lanƙwasa su ma su samu wurin zama.
To, a layi na uku na raɗa wa ma'aji suna kuɗi,
a na sittin, don sauri, na kira shi kudi,
na'ura ta rantse ba ta taɓa jin sa ba.
Cinikin mako guda ya yi ɓatan dabo
saboda ƙugiya ɗaya da ba ta kai ƙwayar gero ba.
Har la'asar ina bin sawu kafin na kama ɓarawon,
kuma yatsana ne.

Ran Asabar na kai wa Kawu takardar farko.
Ya goge tabarau da bakin riga, ya karanta a hankali:
masara ɗari, dawa tamanin, gero ya ƙare.
Ya tsaya. Ya matso da ita hancinsa.
"Waƙe, buhu arba'in?
Ni wake na sani, fari, daga Kumo.
Yaushe na koma roƙo ban sani ba?"
'Yan dako suka kwashe da dariya har buhu ya zame.
Ya ce, "Nawa tiyarsa? Yana yin ƙwari in ya jima?"

Na cire ƙugiyar a daren, waken ya koma wake.
Amma buhunan nan arba'in ba su bar kaina ba,
ba mai saye, ba inda zan jibge su.
Wannan da kuke karantawa
daga bakin na farko na ɗebo,
ban ko sheƙe ba.