Tagar Arewa

Shekara arba'in da ɗaya na yi a Toba,
gaban tagar arewa,
ina mirgina lu'ulu'u a kan farin ƙyalle.
Ban taɓa fasa ƙwaya don in san cikinta ba.
Haske nake aika, ya shiga, ya dawo;
abin da ya dawo da shi, shi ne kuɗinta.

Yau ni ce a kan farin ƙyallen.

Likita Kuwabara, wadda a haife na haife ta,
ta ce, "Iya Sumie, ba yanka tukuna.
Zaren gilashi ne, kaurin gashi,
zai bi maƙogwaro ya haska bango.
Ƙwayar jiki mai lafiya, cibiyarta ƙarama ce,
tana watsa haske yadda ta saba.
Wadda ta soma kumbura, ta matse 'yan'uwanta,
launin da take mayarwa daban ne."

Na yi dariya har nas ta waiwayo.
Kifi ake koya wa iyo?

Genzo, mijina, bai ga wannan zamani ba.
Wuri bakwai aka tsakuro namansa,
laluben makaho cikin duhu,
bakwai ɗin suka ce lafiya lau.
Sankarar na zaune a na takwas,
ta yi shiru kamar kawa a ƙasan teku,
sai da ya kasa haɗiye shayi.

Allura. Silin ya narke.

Da na farka, harshena ya yi nauyi.
A allo, layuka na hawa da sauka
kamar ruwan gaɓa da asuba,
sai wuri guda da igiyar ta karkace.
Kafin ta nuna, na ɗora yatsa.
"Nan," na ce.
Ta dube ni ta saman tabarau.
"Santimita talatin da biyu daga haƙora.
Bai kai ƙwayar shinkafa ba. Bai yi saiwa ba.
Talata za mu kankare shi."

A jirgin ƙasa na zauna gefen teku.
Katakon masu kiwon kawa na lilo a ruwa.
Cikin aljihuna akwai wata da na hana kasuwa tun ina budurwa,
mai tabo a gefe, wanda ni kaɗai na gani.
Na ɗaga ta ga rana.

Tabon na nan.
Hannuna ne yake rawa.