Yatsu Tara

Kakana Anaruwa yatsunsa tara ne.
Na goman, babban na dama, ya bar shi a tashar Kafanchan
tsakanin tarago biyu, daren wata Laraba,
yana haɗa ƙugiya, direba bai ga fitilarsa ba.
In mun tambaya sai ya ce, "Jirgi ne ya ara,
har yau bai maido ba."

Shekara talatin da ɗaya yana reluwe.
Shebur a hannu, yana ɗura wa inji kwal
kamar mai ciyar da ɗan da ba ya ƙoshi.
Baƙin ya zauna a layukan tafinsa,
sabulun salo ya gaza,
ya yi ta alwala har ya tsufa, bai fita ba.

Kakata Tasalla ba ta da agogo.
In Mista Etim ya busa sau biyu gajeru, ɗaya dogo,
ta san nasu ne,
sai ta aza ruwan tuwo.
Ya shigo da doyar kudu a kafaɗa,
da lemo bakwai a aljihun wando,
da Yarabanci guntu-guntu, da zagin Ibo guda biyu
da bai taɓa yarda ya fassara mana ba.

Kunnensa na hagu ya mutu tun kafin a haife ni.
Ta dama nake zama.

Na raka shi Kaduna tantance 'yan fansho, ina aji biyar.
Muka yini a layi a Kakuri, gurasa ɗaya muka raba.
Akawu bai ɗago kai ba, ya turo tawada:
"Baba, dangwala babban yatsa."
Kaka ya aza dungulmin a kan tebur.
"Duba ajiyarku, yaro. Yana wurinku."
Tsofaffin layi suka yi dariya har da hawaye.
Ni ban yi ba.

Bara na koma Kafanchan.
Mata sun shanya citta a gefen dogo,
akuya ta kwanta inda sigina take.
Na tambayi wani mai shayi ko ya san Anaruwa,
ya ce baƙo ne shi ma.

Fitilar tana ɗakina yanzu,
gilashin kore ya tsage, jan yana nan.
'Yata Hajjo ta ƙirga yatsuna jiya,
ta ce goma ne cif,
ta koma wasanta.