Bakwai da Rabi

Duk bayan wata uku takardar ke zuwa
daga ofishin ƙididdiga na jiha.
Ba sallama, ba gaisuwa, tambaya ɗaya ce:
mutum nawa ke aiki a wurin likitanku?
Ni ke cikewa. Bara na rubuta shida.
Bana bakwai da rabi.
Rabin shi ne Wendell, mai ɗibar jini,
da ke zuwa Talata da Alhamis,
sauran ranakun yana tuƙa motar 'yan makaranta.

Shekara goma sha tara na yi a masana'antar gilashi,
can ƙasan gada, a bakin kogin Ohio,
ina ɗaga kwalabe gaban fitila
ina neman tsaga.
Ranar da aka kashe tanderu
garin ya yi tsit har muka ji tafiyar ruwa.
Yau ga ni bayan wani gilashin,
mai 'yar taga da ake turawa gefe,
ina tambayar mutanen da na sani tun suna goye
ranar haihuwarsu da lambar inshora.

Jaridar Lahadi ta buga zane,
jan layi yana hawa kamar mai gyaran rufi.
Wani masani a babban birnin jiha ya ce
in likitoci na ɗaukar ma'aikata
to yanki ya fara farfaɗowa.
Na yanke shafin, na manna a jikin firiji
kusa da takardar kuɗin wuta.
Ban ce ƙarya ya yi ba.
Cefanena daga cikin layin nan yake fitowa.

Sai dai ni na san masu zama a kujerun.
Stan Wozniak, da ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin tanderu,
yanzu ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa.
Matar Petrakis da gwiwoyinta biyu.
Benci ɗaya muka ci abincin rana a kai.
Garin ne ya tsufa, ya zo ya bi layi,
aka ɗauke mu aikin kiran sunansa.
An ce faɗuwar wani tashin wani,
ba a ce a unguwa ɗaya ba.

Ina da nawa ma'aunin, ba shi da gurbi a takarda.
Shekarar da rumbun ajiyar kaya ya sallami mutane
wayar nan ta zama ta ɗage alƙawari:
"Loretta, a kai mini shi bazara."
Bazara ta zo, su ba su zo ba.
Wani sai ya tambayi kuɗi kafin ya faɗi inda ke ciwo.
Wata tana raba ƙwaya biyu da wuƙar kicin
don ta kai ta ƙarshen wata.
A lokacin ne Dakta Raman ta rage mana awoyi,
tana faɗa tana goge tabarau
wanda ba ƙura a jikinsa.

Bana wayar ta ɗan sauya murya.
Ranar Litinin wata yarinya ta kira,
ta ce mijinta ya samu aiki a sabon kamfanin batir,
inshora za ta fara ɗaya ga wata,
tana so a duba ta, cikin wata huɗu ne.
Na tsaya da biro a hannu.
Rabona da rubuta irin wannan alƙawari
har lambar da ake sa masa ta ɓace mini,
sai da na leƙa na tambayi nas.

Dakta ta ce in abin ya ɗore
za ta mai da Wendell cikakken mutum.
Ya yi dariya, ya ce matarsa ta daɗe tana jira.

Takardar jiha na nan a kan tebur,
na danne ta da kwalbar ƙarshe da na fito da ita daga masana'anta,
koriya, mai tsaga a wuya.
Da fensir na rubuta bakwai da rabin.
Stan na tari a kujera ta uku.
Na tura taga, na kira shi.